Mataki Ɗari da Sha Bakwai

Valparaíso gari ne da ba ya kwanciya,
a tsaye yake, ya jingina da duwatsu,
ƙafarsa cikin teku, kansa cikin hazo.
Nan na yi shekara talatin da huɗu
ina koya wa manya ta-ta-ta.

Na fara a barandar asibiti,
mita goma, a shimfiɗe kamar faifai,
agogo a hannu, zanen alli a ƙasa.
In mutum ya kai ƙarshen layi
sai in rubuta: ya samu sauƙi,
in sa hannu, in kira na gaba.

Don Rigoberto masunci ne,
ɓarinsa na hagu ya tafi yaji
wata asuba yana cikin jan taru.
Wata huɗu muna lallashin dunduniya,
muna roƙon gwiwa ta yarda ta lanƙwasa.
Ya cinye mita goman nan a daƙiƙa sha uku.
Na tafa masa. Na sallame shi.

Bayan shekara na hau unguwarsu
ina neman wani gida daban,
sai ga shi a taga, gemu ya yi furfura,
yana leƙen kwale-kwalen wasu.
Na ce, "Ina tafiyar da muka koya?"
Ya nuna mini ƙasa da haɓa:
mataki ɗari da sha bakwai
tsakanin ƙofarsa da titi,
ba abin dafawa, wasu duk sun gutsure.
Ya ce, "'Yata, barandarki
ba ta biyo ni gida ba."

Daren nan shayi ya huce a gabana.
Ashe da rariya nake auna ruwa.

Sai na kwashi agogo da littafi
na mai da ɗakin bincike kan tsauni.
Na ƙirga numfashi a kowace kwana,
na gano inda tsoro ke riƙe cinya
tun kafin tsoka ta ce ta gaji.
Mutum tamanin da shida, hunturu uku,
takalmina biyu suka mutu a hanya.
Sau biyu mujalla na dawo da takardata:
wai matakan ba tsayinsu ɗaya ba.
Na ce, to, ai zancen ke nan.
A karo na uku suka buga ta,
shafi tara, can wajen ƙarshe.
Rigoberto bai karanta ba.
Ya sauka, ya sayo kifi, ya hawo,
yana ta mitar an tsawwala kuɗi.

A jami'a ɗalibai na son sunan jijiyoyi,
su haddace, su zubar ranar jarrabawa.
Darasina mafi wuya ba ya cikin littafi:
hannu a aljihu.
Rayén, 'yar kudu mai saurin tausayi,
ta daɗe tana kasawa;
majinyaci na soma tangaɗi sai ta cafke.
Na ce mata, "Matsa kusa,
kusa har ki ji ɗumin jikinsa,
amma ki bar masa tangaɗinsa,
a ciki ƙafa ke tuna hanya."
Ta yi kukanta a bayan ƙofa.
Daga baya ta fi ni iyawa.

Yau sun ba ni furanni da farantin tagulla,
an yi jawabi, ana ta Farfesa Barrientos
har na waiga in ga wadda ake nufi.
Da magariba na nufi gida,
sai gwiwar dama, wadda na ɓoye wa kowa,
ta cije a mataki na arba'in.
Na tsaya kamar mai kallon teku.

Sai na ji numfashi a bayana, kusa.
Rayén ce, furannina a hammatarta,
hannayenta biyu cikin aljihu,
tana ƙirga a hankali:
"Saura arba'in da ɗaya, Malama."

Can ƙasa jirage na kunna fitilu.
Na ɗaga ƙafa.