Gishirin Ikko

Shekara ashirin da shida keken Baba Nomau
yana kai gero kasuwar Mafara, yana komowa da manja,
ko ɗigon ja bai taɓa fito masa ba.
Rana ta gasa shi, ƙaya ta sha tayarsa,
ƙarfen dai na nan, baƙi wuluk kamar gindin tukunya.

Na ɗaure shi a bisa buhunan albasa,
kwana biyu a bayan tirela, muka sauka Agege.
An faɗa mini in yi hankali da 'yan sane,
in yi hankali da kwandastan danfo.
Ba wanda ya ce mini iska ma tana sata.

Kullum asuba, burodi akwati uku a kariya,
in gangara Oshodi, in keta ruwan da ya kwana kan titi,
ruwan da ba ka ganin ƙafarka a cikinsa.
Da dare in jingine shi jikin bangon masallaci,
raɓar teku ta sauko ta lashe shi har safe.

Damina ta fari, ƙuraje suka feso a ƙarƙashin fenti.
Na sa farce na ɓare ɗaya,
sai ga jan gari, kamar an daka barkono.
Na goge da tsumma na ce ba komai.
Damina ta biyu, sarƙa ta koyi kuka,
notin sirdi ya rantse ba zai juya ba.

Na tura shi wurin Alabi mai walda a bakin gadar Pen Sinima.
Bai dubi fentin ba.
Ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa nan, ya kasa kunne,
ya ƙwanƙwasa can, wurin da feda ke haɗuwa da jiki,
sautin ya fito a dushe, kamar ƙwarya mai tsaga.
Ya zare sirdi da ƙyar, ya kifa keken kai a ƙasa.
Ruwa ya tsiyayo daga bututu, ja, mai ƙarni,
ya kusa cika gwangwanin madara.

Ya ce, da Hausarsa mai karyayyen wuya:
"Aboki, wanda kake gani a waje, wannan ƙawa ce.
Mai kisa tana ciki, ba ta sallama."

Ya sa ƙusa ya buɗe 'yar hudar da laka ta toshe,
hudar da ban san maƙera sun bar masa ba.
Ya ɗura baƙin mai a kowane bututu,
ya jujjuya shi kamar mai wanke gora.
Ya ce in kankare da samfefa, in shafa jan fenti,
in daina barin shi ya kwana a waje.

Ɗakinmu mu shida ne, tabarma ta taɓa tabarma.
Ilu ya ce ko ni ko keke.
Na ba Ilu burodi biyu, ya matsa.

Yanzu yana kwana a tsaye daga wajen kaina,
yana ɗigar da mai a kan tsohuwar jarida.
Baba ya bugo jiya yana tambayar lafiyar ƙarfensa.
Na ce lafiya lau, har ƙiba ya yi.
Na kashe waya, na danne tarin da ke taso mini
tun damina ta fari,
na kai yatsa na ƙwanƙwasa ƙirjina,
na kasa kunne.