Rabon Kogi

Ni na rubuta ta, da hannun nan nawa,
daren Talata, a ƙarƙashin rumfa.
Baba Sammani na kwance a gadon igiya,
gahawa na tafasa a kan gawayi, ba mai sha.
Ya ce, "Rubuta, Ɗan Liman, ban da ado.
Lambun bakin kogi a kasa shi uku,
kashi ɗaya na Tiya ne."
Na ɗaga alƙalami ina dubansa.
Ya ce, "Kunnenka ƙalau. Na Tiya ne."

Tiya ba jininsa ba ne.
Daga duwatsun yamma ya zo Mai Wurno yana saurayi,
da buhu guda da tsohon tabo a ƙwauri.
Shekara ashirin da shida
shi ke tada injin ban ruwa kafin ladan ya yi gyaran murya.
Da tsoho ya daina gani, shi ne idonsa,
da ƙafa ta ƙi, shi ya goya shi zuwa Juma'a.

Ranar sadakar uku suka iso.
Mahjub daga Hartum, turarensa ya riga shi shiga gida.
Assadiƙ daga Jidda, jallabiya fara fat,
yana tambayar yara hanyar maƙabarta.
Zuwaira tana kuka, kukan gaske ne, na shaida,
amma ta cikin hawayen tana ƙirga itatuwan lemo.

Na karanta musu takardar bayan la'asar.
Shiru, har ana jin ƙuda a bakin kofi.
Sai Mahjub ya yi 'yar dariya:
"Tsufa ne. Ai Baba ya daɗe ba ya gane mutane."
Na so in ce ya gane wanda ke nan,
na haɗiye.
Assadiƙ ya ce nawa aka ba ni.
Ni da na yi masa wankan allo yana ɗan shekara bakwai!

Muka yi ta hawa mota zuwa Sinnar.
Alƙali ya ce sulusi ne, bai wuce ba, shari'a ta yarda.
Suka ɗaukaka ƙara.
Suka kuma juya kan junansu,
don Zuwaira ta ce ɗakin injin da kuɗin awarwaronta aka gina,
Mahjub ya ce ta kawo shaida.
Kowa ya sayo kwado ya garƙama wa ƙofar,
kwado uku a ƙofa ɗaya,
inji ya kwana, ya wuni, ya yi tsatsa.
Lemo ya zube ɗanye.
Awakin unguwa suka yi ƙiba.

Damina ta biyu kogi ya sauko daga Habasha,
ja wur, yana tafe da kututture da mushen jaki.
Bai shigar da ƙara ba, bai nemi shaidu ba.
Cikin dare muka ji gaɓa na faɗuwa,
tim, sai can kuma, tim,
kamar ana sauke buhunan dawa daga mota.
Da safe mangwaro goma sha ɗaya sun tafi,
da ɗakin injin, da kwadunan duka uku.

Yanzu rigimar ta koma kan wani abu:
rabon wa ruwa ya ci?
Kowa ya rantse na Tiya ne.

Shi kuwa yana dako a kasuwar albasa.
Jiya ya zo mini bayan isha'i, ya tsuguna a bakin tabarma,
bai tambayi ranar zaman kotu ba.
Ya ce, "Malam, takardar tana nan?"
Na ce kwafinta na nan.
Ya ce, "Nuna mini wurin da ya faɗi sunana."
Bai iya ajami ba.
Na kama yatsansa, mai kaushi kamar ɓawon giginya,
na ɗora a kan baƙaƙen.
Ya daɗe bai ɗaga ba.