Ina Ka Kwana Ran Ɗaya ga Janairu?

Fankar ofishin haraji tana juyawa kamar an yi mata dole.
Ina zaune da jakar leda a cinya,
takardun albashi goma sha biyu a ciki:
biyar masu hatimin Neja,
bakwai da zafin Sakkwato ya koɗar wa tawada.

Malam Labbo ya gyara tabarau,
ya lashi yatsa, ya buɗe fom.
"Ina kak kwan ran ɗaya ga Janairu?"

Na ce a Minna.
Ban ce a kan benci ba,
a barandar asibiti, takalmi ne matashina,
ina ƙirga ɗigon ruwan da ake ƙara wa Inna.
Gurbin amsar bai kai faɗin ɗan yatsa ba.

"To, shekara tasu ta," in ji shi.
"Inda kak kwan, nan ka biya."

Na ce, Malam, tun watan Yuni nake Mabera.
Ruwan nan nake saye jarka-jarka,
ramukan titin nan suka cinye min taya biyu,
mai shayin bakin layi ya san ba na son siga da yawa,
har yarana sun fara ce min "awo".
Kuma nan ma an yanka, ga shaida,
can ma an yanka.
Akuya ɗaya, mahauta biyu.

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba.
Ya ce in rubuta wasiƙa, in haɗa da rasit,
jiha za ta yi magana da jiha.
Na ce yaushe?
Ya dubi fanka.

Sai layi na tara:
mutum nawa kake ciyarwa?
Na rubuta huɗu.
Huɗu ne a Janairu, huɗu ne a Disamba.
Biro bai yi gardama ba, lissafi ya cika.
Sai dai ta huɗun farko tana kwance a maƙabartar Bosso,
ta huɗun yanzu ko haƙori ba ta fitar ba,
a nan aka yanke mata cibi,
sunan waccan muka mayar mata.

Wace jiha ke bin bashin wannan?

Malam Labbo ya buga hatimi, tawada ta ƙi kamawa.
Ya hura masa iska, ya sake dannawa da ƙarfi.
"Baɗi ba ka da wahala," ya ce,
"kai dai ka kwan gida ran ɗaya ga wata."

Na fito rana ta take tsaka.
Mai adaidaita ya tsaya, ya ce ina zuwa?
Na buɗe baki zan ce gida,
sai na tsaya tukuna,
na ce Mabera, bayan gidan mai,
na riƙe ledar da hannu biyu.