Zagayen Kunya

Malka ta fara sassautawa a Mani,
gero ya yi kai, rana na leƙowa.
Na ɗauko littafi da guntun fensir,
Baba Sada ya ɗauko sandarsa ta geza,
muka gangara kwari ta bayan rijiya.

Yana ta rufe idonsa tun bara.
Yanzu ni ce idon, shi ne hannun.

Ya ce, "Bara'atu, dankali maƙaryaci ne,
yakan yi lif a sama, ciki na ruɓewa.
Kar ki tambayi fuskar ganye,
juya shi, a bayansa yake ajiye magana."

Na juya. Kunya ta uku, farin ƙuda
ya tashi kamar an busa garin tuwo.
Kunya ta bakwai, darɓa ta yi danƙo,
cinnaku na hawa da sauka a kanta
kamar masu kiwo a hanyar mashaya.
Na rubuta: goma sha ɗaya a ganye biyar.

Na ce a kira Lawandi mai feshi.
Ya ce, "Akwai saƙar gizo a wurin?"
Akwai. Da ɗan ƙwaro ja mai ɗigo-ɗigo.
"To bar su, ma'aikatana ne,
ba su taɓa tambayata kuɗin yini ba.
In sun gaza ranar Laraba,
a daka ganyen bedi, a jiƙa da sabulu."

Sai ya durƙusa, gwiwa na ƙara,
ya bi gindin kunya da babban yatsa
har ya tsaya inda ƙasa ta tsage.
"Nan ce ƙofar ɓarawo.
Kwana huɗu ba ruwa, ta buɗe baki."
Na tona. Ɗan dankali kamar ƙwan zabo,
an yi masa huda uku, tsutsa na kwance.
Ya shinshina, ya tofar da yawu:
ɗacin nan ko akuya ba ta so.
Muka ja ƙasa da fartanya, muka toshe,
kunya bayan kunya, har inuwa ta gajarta.

A ƙarshen gona, wajen tsamiya,
akwai layin da ba na son kaiwa.
Irin Kawu Rabe ne, da ya ba mu
daminar da bai ga kakarta ba.
Ganyen ya murɗe, ya yi rawaya,
yaɗon ya tsugune, ya ƙi tafiya.

Na yi shiru. Ya ji shirun.
Ya miƙa hannu, ya shafa, ya daɗe.

"Nawa ne?"
Na ce tushe tara.
"Tuge su. Kai su nesa, ki binne.
Rabe da kansa da ya riga ki."

Na tuge takwas. Na tara ya riƙe min hannu,
ya ce wannan shi zai cire.

Da muka juyo, hadari na haɗuwa gabas.
Na buɗe littafi in sa lissafin yini,
fensir ya tsaya a kan tara.
Ya ce, "Rubuta mana. Jibi ma da zagaye."