Lasifika a Bakin Mayo

An ba ni lasifika da riga mai tambari,
da takarda shafi tara cikin Faransanci,
aka ce: je ki bakin Mayo Kaliyawo,
ki wayar musu da kai.
Sai ka ce ba a Marwa aka binne cibiyata ba.

Kwana biyu ina kokawa da kalma guda.
Da na kayar da ita, na kira ta muhalli.
Inna Tabawa ta juya ƙosai, ba ta ko dube ni ba:
"Muhallin wa, 'yar nan? Nawa na haya ne."

Ranar Laraba muka taru a inuwar darbejiya.
Jauro Hamajoda ya buɗe da Fulatanci,
na karɓa da Hausa,
na jero musu leda, da kwalara, da ambaliya,
kamar mai tallan tsoro a faranti.
Kawuna suka gyaɗa.
Gyaɗa kai ba ya cin ko dala.

Gwadabe majemi ya miƙe,
hannunsa baƙi da bagaruwa har gwiwa.
"Shekara biyar baya wasu sun zo,
rigarsu kore, taki shuɗiya.
Sun ba mu hula, sun ɗauki hoto.
Ga hular. Ina kwatar da suka ce?
Ruwan jima ba ya tafiya da ƙafa,
in ban zuba a mayo ba, in sha?"

Na ɗaga lasifika zan kare kaina,
ta yi tari sau biyu, ta mutu.
Batir ya ƙare.
Wallahi tun da aka fara aikin nan
ba ta taɓa yi mini rana irin wannan ba.

Na zauna a kan bulo.
Falmata, wadda ruwan bara ya ci ɗakinta
da keken ɗinki da buhun gero biyu,
ta karya tsinke, ta zana mayo a ƙasa.
"Nan ne yake toshewa, ƙarƙashin gada.
Ba can da kuka sa jan fenti ba.
Kuma tankin sharar ku, wa ya kai shi bayan maƙabarta?
Yara muke aika, da magariba.
Ke za ki je?"

A takardar rahoto akwai gurbin adadi:
mutum nawa aka wayar wa kai.
Babu gurbin abin da suka ce.
Na juya bayan shafin na cika shi,
har na gangara gefe kamar tururuwa.

Injiniya ya ɓata rai sati guda.
Sannan ya zo da kansa, da takalmin roba,
ya tsuguna gaban zanen Falmata,
wanda awaki suka riga suka taka rabi.
Aka ɗauke tanki zuwa bakin kasuwa.
Kwatar Gwadabe kuwa tana cikin kasafin baɗi,
haka na faɗa masa, ban shafa wa maganar mai ba.
Ya ce, "To. Ke dai na san gidanku."

Asabar na sa ran ɗari biyu.
Talatin da ɗaya suka zo,
da manjagara, da baro mai ƙafa a karkace.
Muka zaro leda kamar hanjin rago,
da gidan sauro, da silifa marasa 'yan'uwa,
da kan keken ɗinki ya yi tsatsa.
Falmata ta daɗe tana kallonsa,
ta ce ba nata ba ne,
amma ta ɗaure shi a bakin zane.

Ruwan farko ya sauko daren Talata.
Da asuba na fita ba riga mai tambari.
Mayo ya taho ja, yana gunaguni,
ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin gada.
Har yanzu akwai leda a rassan ƙaya.
Inna Tabawa tana hura wuta,
kwando a gefenta, ta ce,
"Jibi Alhamis motar shara, ko?
In ba ta zo ba, ke zan nema."