Kukan Boris

Ni ne mai yanke ciyawar filin ƙwallo
a makarantar nan ta bayan Gidan Zu,
shekara goma sha ɗaya ke nan
ni da jan injin nan mai ɗaurarren hannu.

Ran Talata ruwa ya kwana yana zuba,
ciyawa ta kai ƙwauri.
Na ja igiya, ya tashi, mun yi taku uku,
sai ga wani siririn kuka daga ƙarƙashinsa
kamar an tauna tsakuwa a cikin tuwo.
Ba wanda ya ji sai ni.
Malam Ilu, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini:
inji ba ya mutuwa bai yi sallama ba,
kunne ne dai ke ƙin amsawa.

Na kwantar da shi a gindin darbejiya,
na zare fulogi, don yatsa ba ya sake tsirowa,
na kwance wuƙa da sifana mai lamba sha huɗu.
Ga boris nan baƙi ƙirin,
giris ya zama taɓo, yashi ya yi gida a ciki.
Na wanke shi da kalanzir a gwangwanin madara,
na murza shi kusa da kunne:
ƙaras, ƙaras. Ya gama nasa.

A Ƙofar Ruwa, Barau ya ɗora biyu kan kanta.
Kwali iri ɗaya, lamba iri ɗaya,
har tambarin nan mai ƙyalli.
"Wannan dubu ɗaya da ɗari biyar,
wannan kuwa dubu bakwai."
Na ce, mene ne bambancinsu?
Ya yi dariya, ya ce, "Inji zai faɗa maka."
Ni kuwa dubu biyu ma'ajin makaranta ya ba ni,
har da kuɗin Adaidaita,
ya kuma ce kar in dawo ba rasit.

Na san araha ba ta ado.
Na ɗauka duk da haka.
Na ɗura masa giris har ya yi tumbuɗi,
na zaunar da shi da katako, ba da guduma ba,
na yi bisimilla.

Kwana tara ya yi.
Ran na goma, saura kwana biyu gasar gudu,
a tsakiyar fili ya ɗau zafi, ya cije,
'ya'yan ƙarfen suka watse cikin ciyawa
kamar carbi ya tsinke.
Shugaban makaranta ya leƙo ta taga,
ya ce hannuna ne ba ya riƙon kaya.

Da la'asar na koma, na wuce shagon Barau.
Can ƙarshen layi, inda ake feɗe matattun injina,
wani yaro, Ɗanjuma, baƙin mai har gwiwar hannu,
ya zaro mini ɗaya daga cikin tsohon janareto.
Ba kwali, ba ƙyalli,
lambar ma ta kusa gogewa.
Na murza. Shiru.
Na sake murzawa. Shiru, sai santsi.
Dubu huɗu, daga kuɗin cefanen Asabe.
Rasit? Ɗanjuma bai san da shi ba.

Ran gasa fili ya kwanta sumul,
an ja layi da farar ƙasa,
yara na gudu, iyaye na tafi,
aka yi wa ma'aji godiya a lasifika.
Ina bayan sito da tsumma
ina kankare ɗanyar ciyawa daga gindin wuƙa,
don danshi ne ke fara cin ƙarfe.

Zoben jabun ya kwana uku a aljihuna.
'Yar autata ta gani,
ta ce in ba ta, za ta sa wa 'yar tsanarta a wuya.
Na ba ta.
Wannan aikin dai zai iya.