Ƙwaron Zare

Wuta ta ɗauke a Agege tun magariba,
janareton maƙwabci na tari a bayan katanga.
Tocila a bakina, ƙugiya a bakin filaya,
na buɗe gwangwanin da nake tara gashi.

Na zabuwa ne, mai ɗigo-ɗigo.
Iya Risikatu ta tsinto mini inda ake fige kaji,
tana dariya: "Sallau, kowa nama, kai sai shara?"

Shekara ashirin ina ɗinkin hula,
zare ya san yatsuna.
Amma wannan ba kan mutum zai hau ba.
Naɗi bakwai a wuya, uku a gindi,
jan siliki kaɗan, ya yi kama da mai rai,
sai fiffike biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya,
don haka na ga shinge bayan ruwan farko:
a karkace yake faɗowa.

Ƙarya nake ɗaurawa, na sani.
Ƙarya mai ƙafa shida.

Asabar, in da rai, sai Epe.
Baba Lasisi zai tura kwalekwale cikin kainuwa,
ya ce tsutsa ta fi, kamar kullum.
Zan wurga, in riƙe numfashi.

Wancan makon karfasa ta taso,
ta duba, ta kewaya, ta kaɗa wutsiya.
Ta gane ɗinki ne.
Tun da nake, ba mai sayen hula
da ya taɓa ƙure aikina haka.

Shi ya sa na warware, na sake.
Batir na mutuwa.
Saura ƙulli ɗaya.